Buhunan Taki a Bakin Dam

Ranar da aka sallame mu daga soja, wani hafsa ya tara mu a fili ya ce kada mu ɗauka mun gama. Ya ce daga yau mu sojojin ajiya ne. In ƙasa ta shiga wani hali, ko yaƙi ko ambaliya ko gobara, za a neme mu. Ya ƙara da cewa kada wanda ya yi gaban kansa sai an ba da umarni. Ni ban yi boko ba, abin da aka faɗa mini shi nake riƙewa. Shekara ashirin da biyu abin da na sani ke nan: a ce tafi in tafi, a ce tsaya in tsaya.

Na dawo ƙauyenmu ta wajen Paki na kama noma. Ba wanda ya neme ni. Gashina ya yi fari ina jira.

A saman ƙauyen akwai dam na ƙasa, wanda shanu ke sha, ake kuma noman tumatir da rake da shi in rani ya yi. A ƙasansa akwai gidaje kaɗan. Na farkonsu na yayata ne, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta mata duk suna gidajen aure. Na yi da ita ta dawo wurina har na gaji. Tana da rumbunta, tana da awakinta, ba ta roƙon kowa gishiri. Ta ce ranar da ta fara cin tuwon wani gida, ranar ta mutu.

Daminar da abin ya faru, ruwa ya yi kwana uku yana zuba. Da safe na hau bakin dam. Akwai wurin da shanu ke sauka, sun tattake shi ya yi ƙasa. Tsakanin ruwan da bakin wurin bai fi taƙi ɗaya ba, kuma yana hawa. Na taɓa ganin irin wannan a wurin aiki. Na san maganinsa.

Na sami mai unguwa na faɗa masa. Bai ɓata lokaci ba, ya sa aka yi shela kowa ya fito da buhunan takin da ya juye, da shebur da fartanya. Maza suka fara taruwa. Ni kuma na tura babur ɗina.

Ya ce, "Kofur, ina zuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan je in karɓo umarni, in taho da 'yan uwana tsofaffin soja."

"Umarnin wa kuma? Ga ruwa, ga mu."

"Aikin nan yana da tsari."

Haka na ce masa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na biya ta gidan Yaya, na ce ta kwashe kayanta ta hau tudu. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da kake soja, tare ruwan mana. Ko bindigar ce kawai ka iya?"

Na buga wa mutum uku waya. Akwai saje ɗinmu na da, yana zaune a Makarfi yana sayar da masara. Akwai biyu daga Kudan, ɗaya yana ɗingishi. Duk suka zo, ba wanda ya tambayi me za a ba shi. Muka haɗu a ofishin da aka ce shi ke kula da irin wannan masifa.

Wani matashi muka tarar a bayan tebur. Muka gaisa, muka ƙame. Saje ya yi bayani.

Matashin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba, wace ajiya?"

Saje ya sake bayani.

Matashin ya ce shi dai bai taɓa ganin takarda mai sunayen irinmu ba. Ya ce zai kira na sama da shi. Na saman ya ce zai kira nasa na saman. Aka nuna mana benci.

Muka zauna. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, mun iya zama. An koya mana. Mai ɗingishi ya ce, "Saje, ko an ajiye mu ne an manta inda aka sa mu?" Saje ya ce, "Rufe mana baki, kai ko an tuna da kai me za a yi da ƙafar nan?" Muka yi dariya. Ruwa yana hawa a ƙauyenmu, mu muna dariya a kan benci. Hantsi ya wuce. Muka yi azahar a nan.

Sai mai unguwa ya kira ni. Ya ce sun jera buhunan amma ruwa yana bi ta tsakaninsu.

Na ce, "Yaya kuka cika su?"

Ya ce, "Taf. Mun ɗinke bakin kowanne da kyau."

Mutanenmu manoma ne. Tun suna yara sun san buhu ana cika shi har wuya, a girgiza, a ƙara, a ɗinke. Wanda ya kawo rabin buhu kasuwa abin dariya ne. Sun yi wa ƙasar nan yadda suke yi wa masara, suka ɗora su kamar a shagon hatsi. Buhun da ya cika ya yi ƙato ba ya kwanciya a jikin ɗan uwansa, ko'ina kafa ce. Buhun tare ruwa, ƙasa rabi ake zuba masa. Ba a ɗinkewa, ninke bakin ake yi a kwantar da shi a kai, a tattake da ƙafa har ya baje, na sama ya hau kan gaɓar biyu na ƙasa kamar ginin bulo. Shi ke nan. Nuna wannan bai kai tsawon alwala ba. Da na tsaya da safe na cika guda ɗaya a gabansu, da sun fi ni iyawa kafin na goma.

Na faɗa masa ta waya. Ya ce buhuna sun ƙare, kuma ba mai iya kusantar wurin yanzu.

Na miƙe. Saje ya ce, "Kofur, umarnin fa?" Na faɗa masa wata kalma da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba. Ya ɗauki hularsa ya biyo ni, sauran biyun ma suka taso. Matashin nan bai ma lura mun fita ba.

Mun isa ana kiran la'asar. Bakin dam ɗin ya riga ya ɓalle. Wani maƙwabci ne ya goyo Yaya ya hau tudu da ita tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta. Gidan ƙasa ba ya jayayya da ruwa. Muna tsaye rumbunta ya karkata, ya zauna, ya narke. Awaki biyu aka samu. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Mu huɗu muka tuɓe riguna muka shiga ja da kwasa har magariba, aikin da ba ya bukatar soja.

Bayan kwana uku mota ta kawo sojoji masu kaki, da tabarmi da barguna. Ba ni da abin cewa a kansu, sun yi aiki. Babbansu ya hau abin da ya rage na bakin dam, ya taɓa wani buhu da takalminsa. Ya juyo ya ce, "Duk garin nan ba tsohon soja ko ɗaya?"

Ba wanda ya dube ni. Kunyata suka ji.

Na ce, "Akwai. Ni ne."



Ina jin haushin waɗanda suka ce mana mu ajiya ne, ba su rubuta inda muke ba, ba su taɓa tara mu ko sau ɗaya a shekara ba, ba su faɗa wa kowane mai unguwa cewa yana da mutum a garinsa ba. In ba za ku neme mu ba, ku ce mana mu je mu yi amfani da kanmu. Wannan ma umarni ne, da mun bi. Amma ba su suka tura babur ɗin ba.

Yaya tana gidana yanzu, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ba ta taɓa ce mini komai a kan ranar ba. Na ce zan sake gina mata, ta ce da wane ƙarfi za ta cika rumbun. Jiya na ji ta a tsakar gida, ta tsaya a bakin rumbuna da ƙwarya a hannu, tana tambayar matata ko za ta iya ɗiban gero kaɗan.