Inda Baba Anya Ya Ɗaura Ƙaramin Lagireto

Baba Anya muke ce masa, don ko cewa ka yi gari ya waye, sai ya ce "anya" ya leƙa waje. Ni mai faci ne, rumfata na jingine da garejin surukinsa, mijin 'yarsa. Tun ina da baƙin gashi nake yi wa tayoyinsa faci, amma har kwanan baya sai ya shafa yawu a bakin bawul ya ga ko zai yi kumfa. Abin na ba ni haushi, kuma ina son tsohon.

Ƙwai yake ɗaukowa daga gidajen kaji zuwa shaguna, a wata farar bas da aka cire wa kujeru. Da idonsa ya fara rauni, har ya goge katangar wani gida, 'yar ta matsa masa ya ajiye tuƙi. Ya rantse ba mai raba shi da sitiyari sai dai in motar ce ta mutu.

Ana haka man giyar motar ya fara ɗaukar zafi a wani dogon hawa da yake bi, yana warin ƙauri. Surukin ya ce maganin shi ne a ƙara wani ƙaramin lagireto mai sanyaya man. Saura inda za a ɗaura shi.

Langa-langa ce kawai tsakanina da garejin, don haka na ji ranar da 'yar ta zo wajen mijinta.

"Ka sa shi inda ba zai yi aiki ba," in ji ta. "Gara motar ta mutu da Baba ya mutu."

"Ni ba na ɓata aiki da hannuna," ya ce mata.

Da Baba Anya ya kawo motar, surukin ya nuna masa gaban babban lagireto. "Nan ne, Baba, inda iska ke dukansa."

"Anya? Ba zai tare wa babban iska ba, injin ya tafasa?"

"Fanka za ta ja musu duka."

Tsohon bai yarda ba. Ya zagaya garejin wasu, duk wanda ya tambaya sai ya ce a gaba. Ya dawo yana huci, wai sun haɗa baki. Da kansa ya shiga ƙarƙashin motar, ya nuna wani lungu kusa da salansa, ya ce nan tiyo zai yi gajere, ɓarawo ba zai gani ba.

"Haba Baba! Nan zafin salansa zai dafa shi," in ji surukin, da ƙarfi har masu wucewa suka juyo. "Wallahi kada ka sa shi nan."

"To nan ɗin nake so."

Nan aka ɗaura shi. Ba a jima ba giyabos ya ƙone a tsakiyar hawa, da ƙwai fal a baya. Ba wanda ya ji rauni, amma motar ba ta sake tashi ba.

Yanzu kullum sai ya zo ya zauna a kan wata tsohuwar taya a rumfata, hannuwansa ba su san inda za su sa kansu ba. Tausayinsa nake ji sosai. Jiya ya matso kusa da ni.

"Mai faci," ya ce, "surukin nan nawa ya san zan ƙi maganarsa. Shi ya sa ya gaya mini gaskiya."

Na yi niyyar in ce masa zargi ya yi masa yawa, amma na ci gaba da goge tif ɗin tayar da ke hannuna. Ina wurin ranar da aka yi aikin. Da tsohon ya nuna lungun nan, surukin bai ɗauki ma'auni ba, bai yanka ƙarfe ba. Hannu kawai ya miƙa ƙarƙashin benci ya jawo ƙarafan ɗaure lagireton, an riga an lanƙwasa su, da hujinsu, suka zauna daidai a lungun.