Ranar da Na Dawo da Hadiza Maraɗi

Samaru, biyar da rabi na asuba

Muna idar da salla na rufe ɗakin da na shekara goma sha ɗaya a cikinsa, na miƙa wa mai gidan makulli. Ya ce, "Malam Faransi, yau dai da gaske ne?" Sunan da mutanen Samaru suka laƙaba mini ke nan, don Faransanci nake koyarwa a wata sakandare. Sunana na yanka, Isuhu, kuwa sai a takarda. Na nemi yafiyarsa, ya nemi tawa. Inna ta tsufa a Maraɗi, idonta ya yi rauni, ni kaɗai ne kuma ɗanta namiji, dole in koma.

Littattafai na rabar, katifa da rediyo na bar wa maƙwabta. Abu ɗaya ne ya gagare ni. 'Yata Hadiza, mai shekara takwas, ce mata na yi hutu za mu je mu dawo. Har na kai ta unguwar Muciya, gidan wani abokina, ta yi mako guda, don kada ta ga ana kwashe kaya. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin ina yi musu faɗa a kan ƙarya, na kasa gaya wa yarinya guda gaskiya.

Muciya, shida da kwata

Bas ta sauke ni a Sabon Gari, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni gidan Malam Bulus, abokin aikina. Mahaifiyar Hadiza ta rasu yarinyar tana da wata biyu. Matar Malam Bulus, Rifkatu, tana goyo a lokacin, sai ta ɗauke ta ta haɗa su a nono da ɗanta. Mama Hadiza take ce mata. Ko ranar Lahadi, Rifkatu ba ta tafiya coci sai ta ga Hadiza ta ɗauki allonta.

Na same ta tana yi wa yarinyar kitso. Na ce, "Ba jiya aka gama shi ba?"

Ta ce, "An gama, na tsefe. Bai yi min ba."

Minti arba'in na yi a tsaye, ban iya cewa ta yi sauri ba. Da ta gama sai ta ja ni gefe. "Baban Hadiza, ka faɗa wa yarinyan nan?"

Na ce, "Sai mun isa."

Ta dube ni ta ce, "Kai dai malantan ka a aji ya tsaya." Ta cusa mini ƙullin dambu da soyayyar gyaɗa, ta ce kunu na kan wuta, ta shige ciki. Ko ƙofar gida ba ta rako mu ba. Malam Bulus ne ya ɗauki jaka har bakin titi, yana ta sharar hanci wai mura ce.

Kwangila zuwa Katsina

A tashar Kwangila mota ta cika bakwai da minti arba'in, naira ɗari bakwai kowace kujera. Direban ya ce in ɗora yarinyar a cinya in rage kuɗi, na ce yau kujera guda za ta zauna. Funtuwa ƙarfe tara, muka sha fura. Ruwa ya tare mu a Malumfashi, 'yan sanda suka tsayar da mu sau uku, muka shiga Katsina ana kiran azahar. Duk hanyar nan ina ta shirya maganar a raina, da Hausa da Faransanci, ba wadda ta fito. Hadiza kuwa tana ɓare gyaɗa tana zuba mini a hannu.

Jibiya, uku saura

A bakin iyaka wani dattijon jami'in shige da fice ya karɓi takarduna, ya dubi jakunkunanmu biyu. "Malam, ziyara ce ko komawa gida?"

Hadiza na riƙe da gefen rigata. Na sunkuya na dube ta. Sai na ji muryarta.

"Komawa gida ne, yallaɓai. Ba za mu dawo ba."

Na tsuguna a gabanta. "Wa ya gaya miki?"

"Mama, tun ranan da ka kai ni. Mun yi kukan mu mun gama. Ta ce kar in nuna maka na sani, don kai ba ka da wanda zai rarrashe ka."

A nan, gaban jami'ai da 'yan canji, na yi kukan da rabona da shi tun ranar da muka binne uwarta. Dattijon ya buga hatimi, ya kau da kai. Hadiza ce ta karɓi takardun.

Maraɗi, gab da magariba

Daga garin Ɗan Isa, a ƙetaren iyaka, jandarma bai riƙe mu ba, awa guda muka iso. Inna ta shafa fuskar jikarta da hannu biyu, ta tambaye ta ko za ta zauna da ita. Hadiza ta ce za ta zauna, amma babban hutu na Mama ne, sun riga sun yi alkawari. Ba wanda ya nemi shawarata.

Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya. Na gode wa mutanen Samaru da suka riƙe baƙo kamar nasu. Ke kuwa Rifkatu, kin shayar da 'yata, kin kuma rarrashi ubanta daga nesa. Allah ya saka miki, don ni ba zan iya ba.