Raƙumin da ke cikin wayar Inna

Ina cikin kwashe saƙonnin murya daga wayar Inna zuwa kwamfuta, sai manhajar sauya sunayen fayil ta tambaye ni ko ta goge duk alamar da ba harafi ba ce. Na duba, na ga kowane suna da ɗan hoto a gabansa: raƙumi, gyaɗa, babur.

Na ce, "Inna, wannan raƙumin fa?"

Ta ce, "Kawunka ne na Mashi, Allah ya jiƙansa. Ƙanwarka ta sa mini. Ni da ban yi boko ba, in ka goge, da me zan gane muryar ɗan'uwana?"

Ban goge ko ɗaya ba. Ashe abin da manhaja ta ɗauka tarkace, shi ne rubutun Inna.

Ku fa, da me iyayenku suke gane mutane a waya?