Bokitin Ya Gumsu

A Gamboru, idan aka ga Ya Gumsu ta fito cikin laffayarta ruwan ƙasa, shuɗin bokitinta a hannun dama, ba sai an tambaya ba, wata mace ta cika. Mai shayi zai rage muryar rediyonsa, masu kanti su ce "Inna lillahi," matan da ke hanya su ɗan matsa gefe. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi, gabanta kawai take dosa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana yi wa matan unguwar wankan gawa. Babu wanda ya ɗauke ta aikin, kuma ko goro ba ta taɓa karɓa ba. Sana'arta daban ce, turaren wuta take haɗawa da humra, masu shago a Kasuwar Kwastam su aiko a sara. Wankan nan don Allah take yi, kuma ba ta son a ja zancensa.

A gidan aure ta koya. Mijinta, marigayi Mala Sa'id, dillalin shanu ne, uwarsa Ya Fanna kuwa ita ce mai wankan unguwar a wancan zamani. Wata safiya aka yi rasuwa a maƙwabta, Ya Fanna ta leƙo ɗakin Gumsu ta ce, "Taso ki riƙe mini buta." Gumsu ta bi ta a tsorace, ta toge a bakin ƙofar ɗakin gawar. Tsohuwar ta dube ta sheƙeƙe ta ce, "Wannan da kike tsoro, ba ita ce ta ara miki turmi shekaranjiya ba? To ita ce dai, yau kuma ita ke neman aron hannunki." Tun daga ranar tsoron ya tafi bai dawo ba.

Ya Fanna ta koya mata yadda ake lulluɓe mamaciya kada tsiraicinta ya fita, da yadda ake farawa da dama, da yadda ake jiƙa ganyen magarya, a bar kafur sai ruwan ƙarshe. Ta ce mata abin da ido ya gani a ɗakin nan, a ɗakin yake zama. Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowace ƙarfi: idan aka zo kiranki, kada ki tambayi ko wace ce. In kin tambaya, wata rana zuciyarki za ta yi sauri zuwa gidan Alhaji, ta yi nawa zuwa gidan mai wanki da guga. Ki ɗauki bokiti kawai ki bi mai kira. Da Ya Fanna ta rasu, Gumsu ce ta wanke ta da hannunta, ta gaji aikin.

A shekarun tashin hankali, lokacin da garin ya cika da 'yan gudun hijira, ta wanke matan da ko sunansu ba a sani ba, ta yi musu yadda za ta yi wa 'yar'uwarta ta ciki ɗaya. Shekarar ambaliya kuwa, ruwa ya shiga gidanta har ƙirji, ya lalata turarenta kaf. Da samari suka zo fitar da ita, abu ɗaya ta ɗora a ka, bokitin nan. Suka ce, "Haba Ya Gumsu, kin bar akwati kin ɗauki roba?" Ta ce musu ai a irin wannan ranar ma aka fi nemansa, kuma haka aka yi.

To amma shekaru sun ja. Ta ba sittin baya, sanyin ƙashi ya kama yatsunta, juya gawa kuwa yana son ƙarfi. Abin da ke cin ranta ke nan, babu wadda ta koya. 'Ya'yanta uku duk maza ne, namiji kuwa ba ya shiga wannan ɗaki. Ta nemi matan 'ya'yan nata, ta nemi maƙwabta. Wannan ta ce maigidanta ba zai yarda ba, waccan ta ce tana mafarki, wata ma kunya ba ta hana ta cewa idan ta fara, mutane za su daina sayen ƙosanta ba. Kai, mutane! Kowace tana son a wanke uwarta da kyau, amma hannun wata take so ya yi. Duk lokacin da Ya Gumsu ta idar da sallah sai ta dubi yatsunta, ta yi wa kanta tambaya ɗaya: ranar da ta kwanta ita ma, wa zai wanke ta?

Mutum ɗaya ce ta sa wa rai, Malama Rumaisa'u, mai koyarwa a makarantar firamaren unguwar. Ranar da mahaifiyar Rumaisa'u ta rasu, ita ta riƙe buta, hawaye na zuba amma hannunta ko motsi bai yi ba. Ya Gumsu ta lura. Bayan sadakar arba'in ta same ta har gida ta ce, "'Yata, kina da hannun aikin nan." Rumaisa'u ta sunkuyar da kai ta ce za ta yi shawara. Shawarar nan ta kai shekara biyu, har ya zama idan ta hango Ya Gumsu a layi sai ta saɓa hanya don kunya.

Ana nan sai mutanen unguwa suka yanke shawarar karrama masu aikin sa-kai, waɗanda suka tsaya wa jama'a ba don an biya su ba. Bulama Ba'ana, mai unguwar, shi ne shugaban taron, Rumaisa'u ce mai rubuta sunaye, kuma ita ta sa sunan Ya Gumsu a sama. Aka raba katin gayyata, kowa ya samu, ban da ɗaya. Ba mugunta ba ce. A Gamboru duk wanda aka gani yana sallama a ƙofar Ya Gumsu, kafin ya koma gida an fara yi masa ta'aziyya. Don haka wannan ya miƙa wa wancan katin, wancan ya ce gobe, har Asabar, ranar taron, ta zo katin yana aljihun wani.

Da hantsi filin makaranta ya cika, an kafa rumfuna, an jera kujeru, lasifika na tashi. Bulama ya duba ya ga kujera ɗaya babu kowa. Da ya ji dalili sai ransa ya ɓaci, ya kira Ajimi mai keke Napep ya ce maza ya je ya ɗauko ta.

Ajimi ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe ta. "Wushe, Ya Gumsu. Bulama ne ya ce in ɗauko ki, ana..."

Ta ɗaga masa hannu. "Ya isa."

Ta shige ciki. Kafin ya gama sosa ƙeya ta fito da laffaya ruwan ƙasa, bokiti a hannu, sabulu da auduga da ƙullin magarya a ciki. Ajimi ya ga bokitin, ya gane ta zaci rasuwa aka yi. Suna kan hanya ya sake gwadawa.

"Ya Gumsu, wai fa abin ba..."

"Ajimi, tuƙi aka aiko ka ko wa'azi? Ka taɓa jin na tambayi gidan wa?"

Ya ci gaba da tuƙinsa. Wa ya isa ya ja da ita? Ta ciro carbi tana ja, tana yi wa mamaciyar da ba ta sani ba addu'a. Da suka doshi makaranta ta hango rumfuna da cinkoson jama'a, ta ce a ranta lallai babban gida aka taɓa, har an rasa wurin zaman makoki sai a fili.

Ta sauka ta ratsa tsakiyar taro da bokitinta. Wallahi da kana wurin da ka ga ikon Allah. Mai lasifika yana tsakiyar jawabi maganar ta maƙale masa. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Maza suka shiga laluben wayoyinsu, kowa na tunanin wadda ya bari a gida ba lafiya. Ya Gumsu ba ta tsaya ba sai gaban Bulama.

"Ga ni, Bulama. Ina ɗakin?"

Bulama Ba'ana ya miƙe, ya dubi bokitin, ya dube ta. "Babu ɗaki, Ya Gumsu. Babu wadda ta rasu. Ke muka kira."

"Ni? Me na yi?"

Sai filin ya ɓarke da dariya, irin dariyar wanda gabansa ya faɗi sannan ya samu sauƙi. Ita ma da ta gane sai ta murmusa, ta harari Ajimi ta ce ai da ya buɗe baki ya yi bayani. Ajimi ya ɗaga hannu sama yana neman shaidar Allah. Aka zaunar da ita a kujerar gaba, ta ajiye bokitin kusa da ƙafarta, sai na kusa da ita suka ɗan janye kujerunsu.

Aka ci gaba. Aka kira Yoila, wanda ya yi ta goya tsofaffi a bayansa ranar ambaliya, tsofaffin suka tashi suka yi shaida. Aka kira Agnes, tsohuwar nas da ke duba masu ciki kyauta a zaurenta, mata suka ɗaga jariransu sama. Haka aka bi kowa, ana tafi. Da aka zo kan Ya Gumsu, wadda aka bari sai ƙarshe, Rumaisa'u ta karɓi lasifika.

"Duk wanda muka kira yau, waɗanda ya taimaka sun tashi sun faɗa da bakinsu. Waɗanda Ya Gumsu ta yi wa hidima ba za su iya tashi ba. Don haka ina roƙo, duk wanda ta wanke masa uwa, ko mata, ko 'ya, ko 'yar'uwa, ya miƙe a madadinsu."

Bulama ne ya fara miƙewa. Sai Ajimi, sai mai lasifika, sai layin mata gaba ɗaya. Kujeru suka yi ta ƙara har ya zama na zaune a filin nan ba su fi a nuna su da yatsa ba. Ya Gumsu ta juya ta dube su. Ta san fuskar kowa, ta kuma san wadda kowa ya tsaya dominta. Idanunta suka kawo ruwa, ta goge da bakin laffaya ba tare da ta ɓoye ba.

Aka miƙa mata takardar yabo cikin gilashi da sabuwar laffaya, aka ce ta yi magana. Ta riƙe lasifikar nesa da bakinta kamar muciya.

"Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau ne karo na farko cikin shekara talatin da ɗaya da aka kira ni babu kuka, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Takardar nan zan rataye ta." Sannan ta ɗaga hannunta, yatsun nan a lanƙwashe. "Amma ku dubi hannun nan. Ya kusa gama nasa. Kun miƙe saboda na wanke naku. To ni fa? Ran da na kwanta, takarda ba za ta ɗauki buta ba. A cikin matan da ke tsaye, wace ce za ta wanke ni?"

Babu wanda ya yi tafi. Mata suka sunkuyar da kai, wasu na gyara ɗaurin zani, wasu na kallon takalmansu. Bulama ya fara gyaran murya don ya rufa wa taron asiri. Ya Gumsu ba ta sauke idonta ba, kuma ba ta dubi kowa ita kaɗai ba, don ba ta zo kunyata 'yar kowa ba.

Rumaisa'u ta ajiye takardar sunaye a kan tebur. Ta tako a hankali, ta wuce gaban Bulama, ta sunkuya ta ɗauki bokitin.

"Ya Gumsu, shawarar ta ƙare. Ki yafe mini jinkiri."

Tsohuwar ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Da hannun dama ake riƙewa." Rumaisa'u ta mayar da shi dama.

Bayan an tashi Ajimi ya kawo kekensa, Ya Gumsu ta ce a'a, yau da ƙafa za su koma, kuma ta babban layi. Suka jero, tsohuwa rungume da takardarta, Malama Rumaisa'u da shuɗin bokiti. Suna isa wurin mai shayi ya rage rediyo, ya miƙe tsaye, ya ga bokitin a hannun da bai saba gani ba.

"Inna lillahi! Malama, wa aka rasa?"

Rumaisa'u ta juya ta dubi tsohuwar. Ya Gumsu ta taɓa kafaɗarta.

"Ki saba, 'yata, haka za su riƙa yi miki." Sannan ta juya ga mai shayi, fuskarta a sake. "Ƙara rediyonka. Yau ba a rasa kowa ba, samu aka yi."