Motar Baffa Mijinyawa da Murhun Kubura

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Onitsha ya san Baffa Mijinyawa, in ma bai san shi ba to ya san motarsa. Fijo ce a-kori-kura, a da fara, yanzu kuwa launinta sai wanda ya gani. Tun yana da baƙin gemu ya baro Wudil, kuma da ita yake kwasar buhunan albasa daga inda tireloli suke saukewa zuwa Kasuwar Ose. Ita ta kai matarsa Kubura asibiti a duk haihuwarta, amaren unguwa kuwa da wuya a sami wadda ba ita ta ɗauki kayanta ba.

Ciwonta ɗaya ne, damina. Murfin distiributa, wato baƙar robar nan mai kamar ƙoƙo da wayoyin fulogi suke fitowa daga kanta, ya yi 'yar tsaga. Da ruwa ya kwana sai danshi ya shiga, mota ta ƙi tashi. Baffa bai taɓa kai ta gareji kan wannan ba. In ya dawo daga sallar asuba sai ya ɓalle murfin, ya zaro shi da wayoyinsa suna reto, ya ajiye a gefen murhun da Kubura take suyar masa ta sayarwa. Kafin ya bushe, shi kuma ya zauna a kan turmi, tana miƙo masa ta farko mai zafi, suna taɓa hira. Da yake ruwan Onitsha ba ya jin kira, kusan rabin shekara haka safiyarsu take.

Ɗansu Abdulbasit, mai sayar da wayoyin hannu a babbar kasuwa, shi abin ya tsaya wa a rai.

"Baba, wallahi this motor don tire," in ji shi, wato motar ta gaji. "Mota sai an gasa ta kamar tsire kafin ta tashi? Ka bari na kira 'yan gwangwan su auna ta, ka zauna ka huta."

Da ya ishe shi da naci, Baffa ya ce, "To, na ji. Ranar da ta wuni ba ta tashi ba, ka kira su." A gaban Kubura ya faɗa, kuma shi ba mai maganar biyu ba ne.

Wata safiya hira ta yi daɗi, ana ta musu kan ko wa jikarsu Zakiyya ta ɗebo wajen tsiwa, sai Kubura ta ɗaga hanci.

"Malam, ƙaurin me nake ji?"

Wani itace ne ya zamo, ya jingina da murfin. Gefe guda ya narke ya lanƙwashe. Baffa ya ɗauko shi, ya juya shi a hannu.

"Shi ke nan," in ji Kubura a hankali, "mun dafa ta."

In ya kira makanike, kafin azahar labari ya kai shagon Abdulbasit, don makaniken unguwar abokinsa ne. Sai ya tsare okada ya nufi kasuwar kayan mota ta Nkpor, da ƙonannen murfin a leda. Mai shagon ya ba shi sabo, ya haɗa masa da rota, 'yar robar da take juyawa a ƙarƙashin murfin tana raba wuta, ya ce tunda za a buɗe a canja su tare.

Rota ba ta ba shi wahala ba. Ya fizge tsohuwar, ya ga bakinta ya cinye ya yi baƙi, ya dace sabuwar da tsagin sandar, ya danna ta zauna. Wayoyin ne abin tsoro. Duk shekarun nan ta wajen fulogi yake zare su, bai taɓa raba su da murfin ba, kuma ya san in ɗaya ta shiga ramin 'yar'uwarta an gama. Sai ya yi abin da ya saba yi wa buhuna in albasar mutane ta haɗu a mota: ya ɗauko zare kala-kala, ya ɗaura wa kowace waya nata, ya ɗaura irinsa a ramin da ta fito. Kubura ta riƙe tsohon murfin, ya zauna yana fuskantarta da sabon, tana faɗa masa.

"Ja tana dama, shuɗiya na bin ta."

Ya jera su, ya mayar, ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta buga wata ƙara kamar bindiga. Kaji suka watse. Maƙwabciyarsu Mama Ngozi ta leƙo ta katanga da ludayi a hannu.

"Alhaji, na war?" in ji ta, wato ko yaƙi ake yi.

"Lafiya lau, Mama, gaisuwa take yi!"

Amma motar ba ta tashi ba. Ya sake ɓalle murfin, ya dubi na hannunsa, ya dubi na Kubura, sai ya ga inda aka yi ɓatan kai. Tana fuskantarsa, damarta hagunsa ce.

"Matso," ya ce, ya zauna kusa da ita a kan benci, kafaɗa da kafaɗa.

"Malam, a tsakar gida? Mutane na wucewa."

"Su wuce. Riƙe shi yadda na riƙe nawa."

Suka daidaita murafan biyu, ɗan tsagin kowanne yana kallon gaba, ya bi zaren yana mayar da kowace waya raminta. Yana cikin ɗaure murfin sai ga sallamar Abdulbasit, wani yaro ya kai masa labarin ƙarar. Ya dubi bonet a buɗe, ya dubi ƙonanniyar robar a cinyar mahaifiyarsa.

"Baba, yau ce ranar ke nan?"

"Rana ba ta faɗi ba tukuna. Shiga ka murza."

Abdulbasit ya shiga yana murmushi. Bugu ɗaya ta tashi, tana wani irin gurnani sumul da ba a ji daga bakinta ba tun yana makarantar firamare. Ya leƙo ta taga yana kallon injin.

"Ka gaida 'yan gwangwan," in ji Kubura.

Washegari aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baffa ya dawo daga masallaci, ya murza makulli, ta tashi nan take. Ya ɗan zauna a ciki yana sauraronta. Can sai ya kashe, ya fito, ya jawo turminsa bakin murhu.

"A'a, Malam, me kuma za ka shanya yau?"

"Ni," ya ce. "Miƙo ta farkon."

Har yanzu motar tana kai albasa Ose. Tsohon murfin kuwa yana nan a gefen murhu, a ciki Kubura take ajiye ashana.