Nonon Juma'a na Kande

Duk wanda ya sayi daddawa a Hayin Banki bayan yaƙin basasa ya san Kande. Bamagujiya ce daga wajen Malumfashi, ta biyo mijinta Kaduna lokacin da ya samu aikin gadi, tana goye da 'yarta Larai. Mace ce mai zafin nama. Kafin maƙwabta su hura wuta ta wanke kalwarta ta shanya. A kogin Kaduna aka yi mata baftisma, ta fito tana rawar sanyi tana dariya, ta koma gida ta ƙone layunta.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Matan gidansu suna gadon Inna, aljanar da ake cewa tana shanye ƙafar yaro idan aka yi mata rowa. Uwar Kande takan zuba mata nono a ƙasa kowace Juma'a, kuma ranar da za ta rasu ta riƙe hannun Kande ta ce, "Kada ki bar ta da ƙishi." Don haka duk Juma'a da hantsi Kande takan sayi nono wajen Bafillatana, ta zaga bayan ɗaki, ta tsiyaye shi ba tare da ta kalli ƙasa ba. Ran Lahadi kuwa a majami'a muryarta ta fi ta kowa.

Mama Mariya, shugabar zumuntar mata, ita ta riske ta wata Juma'a da ƙwarya a hannu.

"Kande, ƙasa kike shayarwa? Ga mu nan maƙogwaro a bushe!"

Kande ta sunkuyar da kai ta gaya mata komai.

"'Yata, baiwa ce ke kai gaisuwa don a bar ta ta kwana lafiya. Ke Yesu ya fanshe ki, Allah ya shigar da ke ɗaki. Kin taɓa ganin 'ya tana roƙon izinin zama gidan ubanta?"

"Na ji, Mama. Amma ita Innar ta san da haka?"

"In ba ta sani ba, ke za ki sanar da ita."

Daga ranar Kande ta daina. Damina na kankama zazzaɓi ya kwantar da Larai, da ya sauka sai ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. An kai ta asibiti, aka ce ciwon ya kama yara da dama a gari. Kande ta ji, amma muryar uwarta ta fi ta likita ƙarfi a kunnenta.

Juma'a ta zo, Bafillatana ta yi sallama, Kande ta saya. Ta zaga bayan ɗaki. Wurin yana nan da ɗan raminsa, ƙasar ta yi baƙi, babu ko ciyawa. Ta ji kamar wani na tsaye a bayanta yana jira, ba gaggawa. Ta riƙe ƙwaryar, ba ta tsiyaye ba.

"Ni ba taki ba ce," in ji ta, da wata 'yar siririyar murya. "Larai ma ba taki ba ce."

Ta juya ta shiga ɗaki, ta tallafo kan Larai, ta ba ta nonon ta shanye tas.

Larai ta miƙe, amma ƙafar ba ta dawo daidai ba. 'Yan'uwa daga ƙauye suka aiko cewa ga abin da taurin kai ke jawowa. Kande ba ta mayar da amsa ba, ba ta kuma sake zuba ko ɗigo ba. Sai dai har Larai ta kai aji na ƙarshe a firamare, kullum da safe uwar takan tsaya cak a kan turmi, tana sauraron tafiyar 'yarta, ƙafa ɗaya na takawa, ɗaya na jan ƙasa, har ta sha kwanar lungu. Sannan ta dubi sama ta ce, "Uba, ga taka nan," ta ɗaga taɓarya.