Na Ɗauka Aibina Take Nema

Ina budurwa a unguwar Zongo ta Parakou, ina taya mahaifiyata sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè, aka yi mini aikin ƙashin baya. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, bayana ya karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Bayan aikin na miƙe, har tsawo na ƙara, amma na tashi da tabo tun daga wuya har ƙugu, ga ƙarafa a ciki da suka hana ni sunkuyawa. In na hau zem, babur ɗin haya, sai in zauna ƙiƙam kamar an dasa ni. Na daina zuwa wurin tela don kada ya auna ni. Duk wanda ya yi dariya bayan na wuce, sai in ce da ni yake.

A haka aka kai ni Djougou in huta a gidan kawuna. Matarsa, wadda muke kira Tanti, ta sa mini ido tun ranar da na sauka. In ina salla, tana tsaye a bakin ƙofa. In na fito wanka da ɗaurin ƙirji, ga ta tana shara inda babu datti. Ta riƙa tambayata yadda abin ya fara, ko da ciwo, ko likita ya ce zan iya haihuwa. Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya mini a rai, domin a lokacin wani ɗan danginta ne ke nemana. Na ce lallai turo ta aka yi ta gano aibina. Ranar da na same ta tana ɗaga hoton ƙashina na asibiti a hasken taga, ban tsaya jin ta bakinta ba. Na fizge, na ce ta je ta gaya musu kayan mai lahani ne, na hau mota na koma Parakou. Ta yi ta kira, na ƙi ɗauka. Shi ma manemin na sallame shi.

An daɗe, sai ga ta a rumfarmu da 'yarta ta fari. Ta ja mu bayan kaya, ta ɗaga hijabin yarinyar. Ina ganin kafaɗar na gane, bayana ne na dā. Tanti ta ce tun kafin zuwana ta lura, tsoro ya hana ta furtawa, kuma ba ta san kowa da ya taɓa shiga wannan hali ba sai ni. Da muka je asibiti, likita ya ce da an zo da wuri wataƙila rigar gyaran baya ta wadatar, amma yanzu sai aiki.

Har yau abin yana ci mini rai. 'Yan'uwana masu tabo irin nawa, ba duk mai kallonku ne yake neman abin faɗa ba. Ku tambaya kafin ku yanke hukunci. Da na tambayi Tanti sau ɗaya, da wataƙila ba a tsaga bayan yarinyar nan ba.